Makullin Zabuwa a Makon Canjin Hannu

Rana ta farko: Kazaure zuwa Roni

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, muna sallame salla, Baba Tanko ya murza makulli, Zabuwa ta yi tari sau biyu ta kama. Gari bai waye ba, masu koko ma ba su gama hura wuta a tashar Kazaure ba. Na zare weji, guntun katakon da ake tokare mota da shi, daga gindin taya, na jefa shi ciki, na ɗare kujerar hagu, bakina ya ƙi rufuwa don murna. A bazarar da aka yi canjin hannu ne wannan, kafin naira ta fito, kwana kaɗan bayan gwamnati ta ce duk mai taya ya bar hagu ya koma bin dama. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar ana bin dama ba ku san ruɗanin da muka sha ba.

Ni ne Habu makanike. A lokacin na yi shekara goma sha huɗu ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane, ga kuma sabon lasin tuƙi a aljihuna, ko lanƙwasa bai yi ba. Zabuwa motar katako ce mai ɗaukar tan bakwai, fentinta ya ɓare ya bar ta ɗigo-ɗigo, shi ya jawo mata sunan. Baba Tanko ne direbanta tun tana sabuwa, dattijo mai farin gemu, ya fi shekara ashirin da biyar yana bin hagu bai taɓa take ko kaza ba. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa. Da wannan mota yake ciyar da mutum tara.

Ana gobe za mu tashi, mai motar, Alhaji Mudi, ya kira mu zaurensa da la'asar. Bai yi wani ɓoye-ɓoye ba, a gabana ya faɗa.

"Tanko, ba raini ba ne, amma hannun da ya tsufa a hagu tsoro yake ba ni. Karen motarka na kwance da kurkunu, saboda haka Habu zai bi ka zagayen nan na kwana uku, ya yi maka weji, ya yi maka ido. In ka koma hagu ko sau ɗaya ne zai gaya mini, makulli kuma ya zama nasa."

Baba Tanko ya ce, "To, Alhaji." Iyakar maganarsa ke nan. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi ne ya lulluɓe ni. Makanike zai zama direba! Har na fara tunanin irin hular da zan riƙa karkatawa a bayan sitiyari.

Aikin idon nan ga yadda yake. Sitiyarin Zabuwa a dama yake, kamar na sauran motocin lokacin. Da ana bin hagu direba yana wajen tsakiyar titi, yana hango gabansa. Yanzu ya koma gefen daji, in yana bayan wata babbar mota ba ya ganin mai tahowa, sai wanda ke kujerar hagu ya duba masa.

A bakin gari 'yan sanda sun sa shinge, an zana wata ƙatuwar kibiya da farar ƙasa a kan titi. Kofur ya leƙo da tocila.

"Baba, ina hannunka na dama?"

Baba Tanko ya ɗaga shi, ga jan ƙyalle ya ɗaura a wuyan hannun.

"Madalla! Tun jiya direba uku na yi wa tambayar nan, biyu sai da suka tsaya tunani. Allah ya kiyaye hanya."

Daga Kazaure zuwa Roni mil goma sha biyu ne a ƙiyasin Baba, don agogon mil na Zabuwa ya daɗe da mutuwa. Hanyar burji ce, tana ratsa duwatsu. Ƙarfe shida da minti biyar muka hango motar farko tana tahowa. Kai jama'a! Direbanta ya rage gudu, namu ya rage, suna ta kallon juna kamar raguna za su kara. Fasinjojin bayanmu suka ɗauki ihu, "Dama! Dama!" Na waccan ma suka ɗauka. Muka gifta juna lami lafiya, kowa a damarsa. Sai tafi ya ɓarke, wata mata a baya ta rangaɗa guɗa. Ni ma na yi tafin, amma a raina cewa nake, wannan ai ɗaya ce, da saura.

Masu ba mu wahala na gaske jakai ne, don su ba su saurari rediyo ba. Jakin da ya saba matsawa hagu in ya ji mota, nan zai matsa, mai shi na jan sa dama yana turjewa. Sau uku muna tsayawa cak sai sun gama gardama.

Da muka hau wani tudu za mu gangara, na ce, "Baba, sa ta a firi mana mu sha iska, ga gas ma ya huta."

Ko kallona bai yi ba, ya mayar da ita giya ta biyu. "In na cire giya na bar burki shi kaɗai da tan bakwai. Ya yi zafi ya ƙi ni a tsakiyar gangara, kai zan kira ka tare ta da ƙirji?"

Ƙarfe bakwai saura kwata muka shiga Roni. Aka sauke gishiri da garwanin kananzir. Na sha koko da ƙosai na taro, Baba ya sha shayi da burodi na sisi. A teburin mai shayi direbobi sun kasu biyu, wasu na cewa canjin nan ba zai kai damina ba za a koma gidan jiya, wasu na yi musu dariya. Akwai wani mai hannu naɗe da tsumma har gwiwar hannu. Na tambaye shi ko canjin hannu ne ya cije shi. Ya ce ina, lagireto ya buɗe tana tafasa don fasinja na yi masa ciwon baki. Baba ya ce masa, "Gobe in sun matsa maka, ka miƙa musu tsumma su buɗe da kansu."

Roni zuwa Gwiwa

Mun tashi ƙarfe goma sha ɗaya daidai, rana ta fara duka. Wannan hanya ba ta san hagu ba, ba ta san dama ba. Sawu biyu ne kawai a cikin yashi, in ka sa tayoyinka a ciki sai ka bi su inda suka kai ka. Na ji haushi, don a irin wannan wuri ko makaho ba zai yi kuskuren hannu ba.

Wajen rabin hanya, a wani busasshen rafi, Zabuwa ta nutse har cibiya. Kowa ya sauko. Na rage wa tayoyin baya iska, muka tone yashi da hannu da ƙwarya, muka shimfiɗa katakai biyu da Baba ke ɗaurewa a jikin bodi don irin wannan rana. Maza wajen ashirin suka dafa bayanta. Baba ya hana kowa tsayawa daidai saitin katakon, ya ce taya na iya harbo shi baya ya karya ƙaurin mutum. Aka yi "Ya Allah! Ya Allah!" sau uku, ta yi gurnani ta fice, ta watsa mana yashi a baki. Muka bi ta da gudu muna dariya, wani tsoho har da rawa.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka isa Gwiwa. Masaukinmu gidan Malam Buba ne, wani Bafillatani abokin Baba tun suna samari. Ya shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya, aka kawo fura da nono mai sanyi cikin ƙwarya, na sha har sai da na kwance mazagin wando. Da yamma aka yi lodin gero buhu hamsin da za mu kai Babura. Malam Buba ya lura da yadda nake bin Baba da ido, ya ce, "Wannan yaron naka kallon ungulu yake yi maka, Tanko." Baba ya ce, "Aikin da aka sa shi ne." Bayan isha aka kawo tuwon dawa da man shanu, muka ci muka kwanta a zaure. Kuskuren ranar, babu ko ɗaya.

Rana ta biyu: Gwiwa zuwa Babura

Ƙarfe shida muka ɗaga. Awa ɗaya da kwata muna cikin sawun yashi, Baba na ba ni labarin wata saniya da ta taɓa haihuwa a bayan Zabuwa, ina ƙyaƙyata dariya. Sai ga kwalta, babban titin da ya taho daga Daura zuwa Kano. Baba ya tsaya, ya duba nan ya duba can, ya hau, ya miƙe abinsa yana ci gaba da labarin saniya. A hagu.

Wallahi sai da na ji zuciyata ta yi tsalle don murna. Titin fayau yake, ba kowa sai wani mai raƙumi can nesa. Na ƙirga turakun wayar tarho, ɗaya, biyu, har shida, sannan na daka tsawa.

"Dama, Baba! Dama!"

Ya fizgo sitiyari, Zabuwa ta yi layi ta koma damarta, buhunan baya suka yi gunji. Labarin saniya ya mutu nan take. Ya dubi jan ƙyallen hannunsa, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Ka gani ko?"

"Na gani, Baba."

"To."

Na samu abin da nake nema. Da mun tarar da Alhaji a Kazaure da nan take zan fesa masa, amma da muka biyo ta can muka tsaya shan gas ƙarfe takwas saura kwata aka ce ya tafi Kano, sai gobe. Na zaci Baba zai roƙe ni, ko ya saya mini tsire ya toshe mini baki, har na tanadi amsar da zan ba shi. Bai yi ko ɗaya ba. Da muka kama hanyar Dambatta sai ya fara wata magana da ta fi roƙon nauyi.

"Tunda kai za ka riƙe ta, gara ka san halinta. Giya ta uku tana fita a gargada, sai ka dafe ta da hannu. Da safe kada ka taka mata totur sai ta yi ɗumi. Tayar baya ta ciki, ka riƙa ƙwanƙwasa ta da ƙarfe duk inda ka tsaya, ita ce ke sacewa ba a gani. In barci ya zo maka kada ka yarda da ƙwayar da yara ke sha, ka sauka gefe ka kwanta, kaya ba sa ruɓewa a awa ɗaya."

Na ce to, to, to, amma goron da ke bakina ya daina yi mini daɗi.

Kafin Dambatta muka cim ma wata tirela tana jan ciki. Baba ya ce in duba masa. Na leƙa na ce, "Ina jin babu kowa."

"Kada ka ƙara ce mini kana ji. Akwai ko babu?"

Na fitar da kai har kafaɗa, iska ta kusa tafiya da hulata. "Babu! Wuce!"

Ya danna ham, ya taka, Zabuwa ta zabura muka shafe tirelar nan, fasinjoji na yi wa direbanta gwalo. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai, na ji ni ma da hannuna a tuƙin.

Mil goma sha bakwai, muka shiga Dambatta tara da kwata. Daga nan muka saki kwalta muka karkata gabas, mil arba'in da 'yan kai na burji da gargada. Zafi kamar a bakin murhu. Taya ɗaya ta yi faci, kuma ita ce dai ta bayan nan ta ciki da ya faɗa. Na sa weji gaba da baya kafin in ɗaga jak, na canza ta cikin minti arba'in, gumi na ɗiga daga haɓata.

Ƙarfe biyu da kwata muka shiga Babura. Gari ya cika, ga shanu, ga raƙuma, ga buhunan kanwa jibge, ana ciniki rabi da sule rabi da sefa. A tasha muka gamu da wani direba mutumin Magarya, Isufu, dogo mai rawani. Su can Nijar dama suke bi tun fil azal, don haka ya same mu a ɓagas.

"Barkanku da shigowa hanya, mutanen Najeriya! Shekara nawa muna gaya muku a karkace kuke?"

Baba ya ce, "Ai don tausayinku muka canza, mun gaji da ciro ku daga rami in kun ƙetaro."

Aka bushe da dariya. Isufu ya ja mu rumfar wata mai tuwo, ya saya mana tuwon gero da miyar kuka da nama na sule ɗaya, ya hana mu sa hannu a aljihu. Yana ci yana cewa su da suka saba canza hannu a kan iyaka, ba a cikin cunkoso suke mantuwa ba, sai in titi ya yi fili hankali ya kwanta. Na saci kallon Baba, shi kuwa tuwonsa kawai yake ci. A ɗakin direbobi na bayan tasha muka kwana, taro-taro kowane mutum, tabarma kyauta, kuɗin cizo ma kyauta.

Rana ta uku: Babura zuwa gida

Lodin komawa kanwa ce buhu sittin, da awaki goma sha biyu a sama, da fasinja goma sha biyar a saman awaki. 'Yan kwastan suka duba takardu a bakin gari suka ɗaga mana sanda ƙarfe bakwai da minti goma. Tafiya ta yi kyau, ba faci, ba tafasa. Sha biyu da rabi muna Dambatta. Muka ci shinkafa da wake na sisi-sisi, muka jira azahar muka yi, biyu da minti goma muka hau kwaltar gida. Ina ta lissafin cewa kafin magariba makulli na aljihuna.

Mun yi kamar mil shida sai na ga Baba yana taka burki yana sakewa, yana takawa yana sakewa.

"Ya yi laushi. Ba zan shiga Kazaure da shi haka ba."

Ya sauko da ita da giya, ya raɓa gefen dama, tayoyin dama a ƙasa, na hagu a bakin kwalta, don wurin ba fili. Yanzu fagen nawa ne, na ce bari in nuna wa tsohon nan aiki. Na sa weji. Na karyo ganyen sabara na jera a titi, taku hamsin a baya, taku hamsin a gaba, yadda duk mai tahowa zai san mota ta lalace. Na hana fasinja tsayawa a kwalta, na kora su inuwar wata kuka. Na leƙa na ga mai na ɗiga daga bututun burki, can tsakiya jikin ƙarfe. Noti ne ya kwance, aikin minti goma. Baba ya ɗauki buta ya shiga daji kama ruwa.

To, a nan sai na gaya muku wani abu game da mu makanikai. Maigidana da ya koya mini aiki a Kano, Oga Lamidi, wani Bayarabe mai saurin hannu, doka ɗaya ya fi dukanmu a kanta: in za ka shiga ƙarƙashin mota a bakin titi, ƙafa wajen daji. Kanka ya shiga ciki, ƙafafunka su miƙe waje ta gefen da mota ba ta wucewa. A zamanin bin hagu, gefen nan shi ne hagun mota. Na sha mari a kan wannan har ya zauna mini a jiki. Shekara goma sha huɗu ban taɓa shiga ta wani gefe ba, ban kuma taɓa tsayawa tunani ba.

Na shimfiɗa buhu, na ɗauki sifana, na kwanta rigingine na zura kai ta hagun Zabuwa. Ƙafafuna biyu, tun daga cinya, suna miƙe a kan kwalta.

Ina cikin ɗaure noti na ji ham daga baya, mai kauri, irin na tankar mai. Na ji wani kuma daga gaba. Ko gezau ban yi ba, har ina 'yar waƙata, don a zuciyata ƙafafuna suna cikin ciyawa. Ham ɗin ya ƙi tsayawa, ƙasa ta fara rawa a bayana. Na ce a raina, wannan wane irin mahaukaci ne, bai ga ganye ba?

Sai na ji an cafki wuyan rigata ta wajen kai, an fizge ni da wani irin ƙarfi. Bayana ya kankare tsakuwa, goshina ya daki ƙarfe, wata iska mai zafi ta bugi tafin ƙafata, duhu ya gifta da ƙara kamar aradu. Na buɗe ido na gan ni a gefen daji, kwance a kan Baba Tanko, shi ma a kwance, yana haki, hannunsa bai saki rigata ba.

Ashe tsugunnon da ya yi ne ya cece ni. Daga inda yake ya hango ta ƙarƙashin mota, ya ga kaina a inuwa, ya ga ƙafafuna a rana. Ya ga tanka ta taho da lodi, ga bas ta gaba ta hana ta kaucewa. Ya ce ya san in ya kira sunana sai na tsaya tambayar mene ne. Sai ya yar da buta ya yi nutso ƙarƙashin motar, dattijon da ko sunkuyawa ɗaukar weji ba ya yi saboda ciwon baya. Bututun hayaƙin motar ya ƙone shi a damtse, fatar wurin ta saɓule.

Fasinjoji sai salati suke yi. Tankar ta tsaya can gaba, direbanta ya taho da gudu riƙe da wani abu a hannu biyu. Takalmina ne na ƙafar hagu, ya zama kamar an yi masa guga. Mutumin nan leƙa cikinsa yake yi, yana neman sauran ƙafar. Da ya ga na miƙe tsaye a kan ƙafa biyu sai ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska.

Ni kuwa sai a lokacin tsoro ya zo mini. Na fashe da kuka a gaban mata da awaki, ban ji kunyar kowa ba. Baba ya bari na yi mai isata, sannan ya miƙo mini sifana.

"Notin nan bai ɗaure kansa ba. Ta nan za ka shiga."

Na shiga ta dama. Na ɗaure, na ƙara mai, ya hau yana taka burki ina cire iska, ina kira, "Taka! Riƙe! Saki!" har ya yi tauri. Na je na kwashe ganyen da na jera, gaba da baya, don kada in bar wa na baya tarko. Huɗu saura kwata muka tashi.

Da muka yi nisa sai na ce, "Baba, abin jiyan nan, ni fa na manta shi."

Ya ce, "Ni ban manta ba."

Kazaure

Ƙarfe huɗu da minti ashirin muka shiga tasha. Aka sauke awaki da masu awaki, muka yi la'asar, muka nufi zauren Alhaji Mudi, ina ɗingishi da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hammata. Na riga na shirya ƙaryata tsaf. Bayan gaisuwa Alhaji ya dube ni.

"To, Habu, sau nawa?"

Kafin in buɗe baki Baba Tanko ya riga ni. "Sau ɗaya, Alhaji. Jiya da safe, fitowarmu daga Gwiwa. Na yi tafiyar turken waya shida a hagu ban sani ba, sai da yaron nan ya yi mini tsawa." Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

Alhaji ya turo makullin gabana da bakin mafici. Ga shi nan, ɗan ƙarfe da igiyar fata da ta yi baƙi don gumin hannun mutum ɗaya. Na zaro takalmin daga hammata na ajiye kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, ni ma sau ɗaya na koma hagu, ga shaidata." Na kwashe labarin duka na gaya masa, na sa Baba ya ɗaga hannun riga ya ga ƙunar. Na ce, "Nasa kuskuren ina zaune a kujera na gani, har na tsaya ƙirga turaku. Nawa da ya gani, bai ƙirga komai ba."

Alhaji ya ɗauki takalmin ya juya shi, ya sake juyawa, ya ajiye. Ya ce, "Ni dai na riga na yi magana, ba na kuma lashe ta. Makulli naka ne, Habu. Abin da mutum ya yi da kayansa ba ruwana."

Na ɗauka. Ba zan yi muku ƙarya ba, ko a lokacin ina son motar nan har cikin raina, sai da na jinjina makullin a tafin hannuna na ji nauyinsa. Sannan na matsa na durƙusa gaban Baba Tanko na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa nan da nan ba.

"Ka yi tunani, ɗan nan. Irin wannan ba kullum take zuwa ba."

"Na yi, Baba. A ƙarƙashin mota na yi shi."

Ya karɓa ya mayar aljihu, idonsa ya kawo ruwa, ya yi kamar ƙura ce. Ya ce, "Asuba za mu Kano. Ka nemi takalmi."

Ana kiran magariba na shiga gida. Matata Hajara, wadda na cika wa baki cewa direba zai dawo mata, har kaza ta yanka. Ta taro ni da fara'a tana duban hannuna.

"Ina makullin?"

Na ce, "Ban zo da shi ba. Ƙafafu na zo da su."

Ta dubi ƙasa, ta ga ɗaya da takalmi, ɗaya ba takalmi duk ta kuje. Ba ta ƙara tambaya ba, ta je ta ɗora ruwan zafi.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fitar da mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Buba na Gwiwa da furarsa, da Isufu na Magarya da tuwonsa, da direban tankar nan da ko sunansa ban tambaya ba, wanda ya tsaya alhali yana iya wucewa. Baba Tanko kuwa, Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Shekara huɗu na ƙara ina yi masa weji ina yi masa ido, bai sake komawa hagu ba ko sau ɗaya. Ranar da ya rasu, da ƙafafun nan biyu na ɗauki makararsa har makwancinsa.